Ƙaguwoyin da Danny Ya Bari

A unguwar Madaki, idan ka ce Hilda Jesse kake nema, mutane za su yi ta kallon juna. Ka ce Maman Danny mai ƙanƙara, sai a nuna maka gidan tun daga bakin titi: shuɗin ƙyaure, janareto na tari a tsakar gida, masu zoɓo da kunun aya sun yi layi da kulolinsu. 'Yar Kaltungo ce. An kawo ta Gombe tana amarya, lokacin da mijinta Jesse yake aikin jirgin ƙasa. Jirgi ya daina zuwa, Jesse ya zauna yana jiran ya dawo, har ciwon ƙirji ya riga jirgin isowa. Ya bar mata ɗa guda da gida mai ɗaki uku, ita kuma ta sayi tsohuwar firiza ta shiga sayar da ƙanƙara.

Mace ce gajera mai kaifin baki, ba ta iya lallashi ba, ba ta kuma son a lallashe ta. Ranar da aka binne Jesse ita ta tuƙa tuwon masu zaman makoki, tana yi tana faɗa da masu ɓarnar itace. Matan coci sun daɗe suna cewa zuciyarta ma a firizar take kwana. Ba su san ta ba ne, amma ita ma ba ta taɓa ba su ƙofar da za su san ta ba.

Ɗanta Danny a gindin firizar nan ya tashi. Ya koyi gyaran firji a Tudun Wada, hannunsa ya faɗa, har ogan nasa ya fara jin haushinsa. Abin dariya, yaron da aka haifa a garin da ake sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan kura, ba shi da zance sai na teku. Da ya sami hanya sai Legas, inda ya yi shekaru yana gyaran ɗakunan sanyi na jiragen ruwa masu kamun kifi. Shekarar da bama-bamai suka fara tashi a tashoshin mota, masu hali suna kwashe iyalinsu daga gari, shi kuwa ya ajiye aiki ya dawo, wai ba zai bar uwarsa ita kaɗai ba. Ya sauko daga mota rungume da kula kamar mai jego, wata kular kuma a kan ɗan dako.

"Kifi ka kawo mana?" in ji Hilda, har ta kai hannu ga tukunya.

"Mama, ba na ci ba ne."

Ta buɗe ta leƙa, ta ja da baya. "To na mene ne? Ka taso tun daga Legas da abin da ko miya ba zai yi ba?"

Ƙaguwoyi ne guda biyu, da duwatsu, da wata ciyawa mai santsi, kore da ja. A jikin duwatsun akwai wasu abubuwa a manne, in sun buɗe sai su fito da yatsu barkatai suna lilo, in an taɓa su sai su dunƙule kamar tumatir. Danny ya ce ba tsiro ba ne, dabba ce mai baki, nama take ci, amma furen teku yake kiranta. Wani Bature injiniyan jirgi ne ya bar masa su da zai ajiye aiki, daga tekun ƙasarsu mai sanyi ya ɗebo su. Nan fa matsalar take: abin da ya saba da ruwa mai kama haƙori ne aka kawo Gombe. Danny ya sa aka yanka masa gilashi ya haɗa akwati a ɗakinsa, ya huda wani tsohon firji ya naɗe tiyo a ciki, ƙaramin famfo yana zagayo da ruwan ya fito da sanyi. Hilda ta ce an haifa mata mahaukaci, sannan ta kawo kujera ta zauna kallo har tuwonta ya kama.

Ita ta raɗa musu suna. Babbar ƙaguwa Ciyaman, don ba ta barin rabon kowa. Ƙaramar Amarya, don kullum tana bayan dutse.

Bayan Kirsimeti aka kira Danny Baga, bakin Tafkin Chadi, wani ɗakin sanyi na dillalan kifi ya tsaya. Hilda ta ce ba za shi ba. Ya ce aikin 'yan kwanaki ne, kifin mutane yana ruɓewa. Kafin ya tafi ya tsayar da ita gaban akwatin ya koya mata komai, yana maimaitawa, tana tsaki.

"Mama, ajiya na ba ki. Ki riƙe min su har na dawo."

"In ka daɗe zan soya Ciyaman da manja," in ji ta. Ya yi dariya, ya saɓa jakar kayan aikinsa. Wannan ita ce maganar ƙarshe da ta yi wa ɗanta ido da ido, ta kuwa daɗe tana cizon yatsa a kanta.

A farkon sabuwar shekara Baga ta faɗa hannun 'yan bindiga. Wayar Danny ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Hilda ta koma zaryar tasha, duk motar da ta sauke mutanen Borno sai ta tare su da hotonsa a waya. A nan ta gamu da Fannami, wani tsohon masunci Babarbare, zaune a kan buhu, ba shi da kowa ba shi da inda za shi. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Na san shi. Mai gyaran sanyi," in ji shi. "Amma ranar ina kan ruwa, na je duba koma. Da na juyo, hayaƙi na tarar."

Matarsa da jikokinsa suna cikin garin. Hilda ta dube shi a kan buhun nan. Ta ce ya taso, akwai ɗaki a bakin ƙofa. Unguwa ta ɗauki surutu, wai a irin wannan zamani Kirista ta ajiye mutumin Borno da ba a san asalinsa ba. Hilda ta fito bakin ƙyaure ta ce duk wanda ya san inda ɗanta yake ya zo ya karɓi ɗakin, wanda bai sani ba ya kama bakinsa. Fannami ya zauna. Yana shara, yana ɗora wa masu saye ƙanƙara, yana shimfiɗa buzunsa ya yi sallarsa. Ya Hilda yake kiranta, irin girmamawar mutanensu, ita kuma tana ce masa Baba. Amma kowa ya gan shi ya san abincin gidan yana tsaya masa a wuya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ciyar da wasu ne, kullum neman abin da zai saka mata da shi yake yi.

Ita kuwa rayuwarta ta koma ɗakin Danny. Da safe ta ɗaga labule ciyawar ta sha haske, kafin rana ta juyo ta sake shi. Ta yanka tsokar ɗanyen kifi ƙanana kamar ƙwayar dawa. Sai ta fara jefa wa Ciyaman nata a can kusurwa, don in ba haka ba za ta zo ta cusa hannu har cikin bakin furen ta zaro abin da aka ba shi. Sannan ta soka tsoka a dogon tsinke ta kai wa kowane fure, ta jira yatsun su naɗe ta. Amarya sai an kai mata har bakin rami. Abin da ya rage ta tsame shi, don Danny ya ce ragowar abinci ta fi yunwa kisa. In an ɗauke wuta, wadda dama ɗaukewarta ta fi kawowarta yawa, sai ta jefa robobin ruwa da ta daskarar su yi iyo a sama. Masu zoɓo suka fara ƙorafi, wai ƙanƙara mai kyau ta ƙaguwa ce, su sai jiƙaƙƙiya. Ta ce musu Gombe da faɗi.

Sai kuma gishiri. Ruwan akwatin na teku ne, ana haɗa shi da wani gishiri na musamman da ake kawowa daga Legas, ba na miya ba. In ruwan ya ragu saboda zafi, da ruwan randa ake cikawa, don gishirin ba ya tashi, yana nan a ciki. In za a canza ne ake dama sabo a auna. Buhun da Danny ya zo da shi ya ƙare, ta yi saƙon wani. Direban da ya ɗauko shi ya sha wuya a shingen bincike, don a lokacin farin gari a buhu ba abin wasa ba ne. Sai da aka sa shi ya lasa a gaban kowa, ya iso yana rantsuwa ba zai ƙara ɗaukar mata saƙo ba. Ga matan unguwa da ke cewa aljanun ruwa take kiwo. Saboda haka ta tura buhun ƙarƙashin gado, in za ta dama sai ta kulle ƙofa. Fannami, wanda bayan la'asar yakan zauna gaban gilashin yana kallon ruwa shiru, bai taɓa ganin gishirin ba. Abin da ya sha gani shi ne Ya Hilda tana ɗebo ruwan randa a kofi tana ƙarawa.

Wata ya bi wata. Nancy, ƙanwar marigayi Jesse, malamar firamare, ta gaji da zagaye-zagaye ta zo ta faɗa mata.

"Matarmu, ki bari a kawo bencina daga coci. Fasto ya yi addu'a, mutane su zo su gaishe ki. Ba a barin yaro haka a rataye, ba ya cikin masu rai ba ya cikin matattu."

"Wa ya mutu?" in ji Hilda. "Ya bar min ajiya ya ce zai dawo ya karɓa. Kin ga ajiyar ta mutu?"

Gaskiyar magana, a ranta ta riga ta ƙulla abubuwan biyu wuri guda: muddin abin da ke cikin gilashin nan yana motsi, Danny yana numfashi a wani wuri. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ta san yadda zai yi a kunne. Wata safiya ta tarar da Amarya a kife ba ta motsi. Ta tsamo ta, sai ta ji ba nauyi, ɓawo ne kawai. Amarya ta yi saɓa ne irin na maciji, tana can bayan dutse da sabon jiki. Hilda ta kai ɓawon har gidan Nancy ta ajiye mata a kan tebur, ta juyo gida. Daga ranar babu wanda ya sake yi mata zancen bencina.

Ana tsakiyar bazara, zafin da kwalta ke narkewa, labari ya zo cewa an kwaso mutanen da suka maƙale a tsibiran tafki an kai su wani sansani a Maiduguri. Hilda ta ɗaura ɗamara. Ta kira Fannami ta nuna masa yadda ake tayar da janareto, da yadda ake canza robobin ƙanƙara, da yawan tsokar da za a ba kowa.

"In ruwa ya ragu ka ƙara daga randa. Shi ke nan, Baba. Gobe ko jibi ina nan."

"Ki je lafiya, Ya Hilda. Ni da ruwa ba baƙin juna ba ne."

Zancen gishiri bai ko zo mata ba. Tafiyar kwana biyu, me zai kawo canjin ruwa?

Ba ta zama ta kwana biyu ba. An rufe hanya, aka buɗe, aka sake rufewa. A sansanin ta bi tanti-tanti da hoton, har wata mata mai suna Safiyyatu, wadda take sayar da abinci kusa da ɗakin sanyin a Baga, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Dogo mai wushirya. Shi ya ɗora min yarana a jirgin ruwa. Ya shiga na bayanmu." Ta ɗago ta dubi Hilda. "Mama, na bayanmu bai iso ba. Mutane sun yi masa yawa."

"Dogaye masu wushirya ai da yawa," in ji Hilda, ta karɓe wayarta. Ta kamo hanyar gida. Burinta kawai ta isa ɗakin nan ta ga Ciyaman tana ture duwatsu, ta san matar ta yi kuskure.

Da la'asar sakaliya ta sauka. Tun daga lungu ta ga ruwa yana bin kwata daga gidanta, abin da ba a gani a Madaki da bazara. A tsakar gida jarkoki ne birjik. Ga duwatsun akwatin nan an goge su fes an jera a kan tabarma. A kan juji ta ga ciyawar teku, rana ta busar da ita ta yi baƙi. Ta yar da jakarta ta shiga ɗakin.

Gilashin yana ƙyalli, ruwan garau, famfo yana aikinsa, robobin ƙanƙara suna iyo. Furannin suna kwance a ƙasa, sun kumbura sun yi fari kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ƙaguwoyin biyu suna kife a gefe guda, ƙafafu a sake. Ɗakin ya fara wari.

Fannami yana tsugune a jikin bango. Rigarsa a jiƙe, kafaɗarsa ta saɓule inda igiyar jarka ta ci shi. Da ya gan ta ya yi yunƙurin tashi, gwiwa ta ƙi.

"Ya Hilda, na yi iya yina," in ji shi. "Janareto ya tsaya shekaranjiya, kafin a gyara ruwan ya yi duhu. Na ga fari-fari ya kama bakin gilashi, irin wanda ke fitowa a bakin tafki in ruwa ya janye. Na sa yatsa na ɗanɗana. Gishiri zalla! A wurinmu in kududdufi ya juya haka, kifin ciki ya gama yawo, sai an kwashe shi an kai ruwa mai daɗi. Ban kira ki ba, ba a kiran uwa mai neman ɗanta a ce mata ruwa ya ɓaci. Na kwashe shi duka. Na je rijiyar burtsatse da kaina, ban yarda da na 'yan kura ba. Na zuba sabo, na ga ba su ji sauƙi ba, na ce sauran gishirin ne a jikin duwatsu. Na wanke su. Na cire gansakukar. Na sake canzawa, na sake."

Hilda ta tsoma yatsa ta kai bakinta. Ruwa salam, mai daɗi, wanda za a ba baƙo ya sha ya yi godiya.

Ta tsaya tana kallonsa. Buhun gishirin yana nan ƙarƙashin gadon Danny, in ta miƙa ƙafa za ta taɓa shi. Maganar ta taso mata har maƙogwaro, da zafinta, irin wadda ta saba yanka mutane da ita ba tare da ta waiwaya ba. Tsoho ne ya kwashe yini biyu yana jigilar ruwa a kafaɗa cikin wannan rana, yana kashe mata ajiyar ɗanta jarka bayan jarka, don ya saka mata da alheri. Kuma ita ce ta kulle ƙofa ta ɓoye masa. Baƙin cikin da ta ji a lokacin bai da wanda za a ɗora wa, shi ya sa ya fi ciwo.

"Na makara ne," in ji Fannami, hawaye yana bin gemunsa. "Da tun ranar da kika tafi na ɗanɗana, da na cece su. Can ma haka na yi. Ni kullum sai an gama nake isowa."

Ta haɗiye abin da ke bakinta. Har Fannami ya koma ga Mahaliccinsa, shekaru bayan nan, a wannan ɗakin na bakin ƙofa, bai taɓa jin labarin buhun ba.

"Ba ka makara ba, Baba," in ji ta. "Kwanansu ne ya ƙare. Sannu da aiki."

Ta miƙa hannu ta kashe famfon. Ɗakin ya yi tsit, karon farko ke nan da aka kashe famfon da gangan tun ranar da Danny ya haɗa akwatin. Ta zauna a bakin gadon, ta ɗora hannuwanta a cinya.

"In ka huta, ka je gidan Nancy. Ka ce ta gaya wa Fasto a kawo bencina."

Tsohon ya ɗago kai. "An same shi?"

"Jirginsu bai iso ba."

Fannami ya yi shekara da shekaru a kan Chadi, ya san abin da wannan yake nufi. Ya yi salati a hankali, ya dafa bango ya miƙe, ya nemi takalmansa a cikin ruwan da ya malale tsakar gida. A bakin ƙyaure ya ci karo da maƙwabciyarsu Ruƙayyatu, ta tattare zani tana tsallake kwata.

"Baba, lafiya kuwa? Tun jiya ruwa ke ta kwarara daga gidanku."

"An yi mana rasuwa," in ji shi.

Hilda ta ji shi daga cikin ɗaki, ba ta kuwa ƙaryata shi ba.